Jirin da Ya Kori Mai Kitsonmu

Ku matso kusa, maganar nan ba ta ɗaga murya ba ce. Na daɗe ina faɗinta guntu-guntu, a gidan suna, a bakin murhu, kowa ya tsinci guntun da ya yi masa daɗi ya bar mini sauran. Yau so nake in zube ta gaba ɗaya, har da wurin da ni ce ba ni da gaskiya.

Ni 'yar Kusfa ce. A nan aka binne cibiyata, a nan aka kai ni ɗaki, gida huɗu ne tsakanin gidan ubana da na mijina. Ba ni da yawo, sai in yi wata ban leƙa ƙofar gida ba. Boko ban wuce aji huɗu ba, amma Allah ya ba ni baki, ya ba ni kunne. Daga takun mutum a zaure nake sanin ko wane ne, har in san ko da fushi ya shigo.

Da yake ba na fita, kitso ma har gida ake zuwa yi mini. Mai kitsonmu wata baiwar Allah ce da ta zo daga ƙauye bayan mijinta ya rasu, ita da 'yarta guda, ta kama ɗakin haya a gidan da ke bayan katangarmu. Yara ke ce mata Gwaggo, sai mu ma manya muka bi bakinsu. Shekara goma sha ɗaya tana yi mini kitso, ranar Alhamis, mako biyu-biyu. Hannunta ba zafi, tsagarta kuwa kamar an ja zare. Ba ta da surutu, ni ce mai shi. In na cika juye-juye ina ba ta labari sai ta ɗan ƙwanƙwasa mini kibiya a ka ta ce, uwar ɗakina, bakin ya ci gaba da aikinsa, kan dai ya tsaya.

Abin ya fara ne ranar wata Talata. Na farka zan tashi salla, na juya ɓangaren dama, sai ɗaki ya kama juyawa da ni, rufi ya koma ƙasa, gado ya koma sama. Na riƙe katifa na runtse ido. Kafin in karanta Fatiha biyu ya tsaya. Na ce yunwa ce, don lokacin ina ramuwar azumi. Ranar Laraba na ɗaga kai zan rataya wanki a igiya, ya sake ɗibata, na dafa bango har ya wuce. Ban gaya wa kowa ba. Ku riƙe wannan, don shi ne laifina na farko.

Ranar Alhamis Gwaggo ta zo. Tsakar gida a cike, yayata da maƙwabta uku sun zo tsintar shinkafar sunan da za a yi a danginmu. Yayar nan tawa ita ta goye ni, uwa ɗaya uba ɗaya, ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a kaina ba. Gwaggo tana kan 'yar kujera, ina zaune a tabarma tsakanin ƙafafunta. Ta gama ɓangaren hagu, sai ta kwantar da kaina baya, ta karkata shi a kan cinyarta ta dama don ta kama gashin gaban kunne. Na ɗan yi shiru kamar ba komai. Sai kawai sama da katanga da fuskar Gwaggo suka haɗu suka shiga kewayawa kamar fanka. Na yi ƙara na damƙe zanenta.

Ni ban ga idona ba, su suka gani. Sun ce ƙwayar idon tana tsalle tana murɗawa, fat-fat-fat, kamar ba a jikina take ba. Mata suka watsar da faifai suna salati. Gwaggo ita kaɗai ba ta firgita ba. Ta tallabe kaina da hannu biyu ta ce kar wanda ya ɗaga ni, a bar kan inda yake, yanzu zai wuce. Ya kuwa wuce. Amma yaya ta ture hannunta ta fizgo ni zaune da ƙarfi, jirin ya dawo sabo, na kelaya amai a kan shinkafar mutane.

Aka kai ni ɗaki da rabin kitso. Mai kemis ya zo ya auna jini ya ce bai hau ba, ya ba da wasu ƙwayoyi da ba abin da suka yi sai sa ni barci. Maigidanmu, wanda ɗinkin babbar riga ne sana'arsa, ya karɓo rubutu aka ba ni. Ruku'u da sujada suka gagare ni, sai a zaune nake salla, wuya a sandare.

Daga kan gado nake jin yadda magana ke tsirowa a tsakar gida, don kunnena bai yi ciwo ba. Wata ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ido ya yi haka ba sai ga wanda aka kama wa kurwa. Wata ta ce abin da ya ɗaure mata kai, kowa ya ruɗe ban da mai kitson. Yaya ta ce ita ma abin da ke cin ta ke nan: ta yaya aka yi ta san zai wuce, in ba ita ta kira shi ba? Sai ga maganar gashi. Duk mai kitso takan dunƙule gashin da ya zube ta soke a haɓar zane, in ta gama ta miƙa wa mai shi. Ranar, cikin ruɗani, Gwaggo ta tafi da nawa. Washegari da safe ita da kanta ta kawo shi a ƙulle cikin leda, ta ce mantuwa ta yi. Yaya ta karɓa da bayan hannu. Gwaggo na fita aka ce ai ya kwana a wurinta, an riga an gama aiki da shi.

Kwana na biyar aka kawo wata tsohuwa da hayaƙin da ake cewa in an shaƙa, wanda aka kama zai kira sunan wanda ya kama shi. Maigidan ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma bai tsaya ba, ya ɗauki rigarsa da allura ya koma zaure. Aka zare matasan da na tokare kai da su, aka kwantar da ni rigingine, aka karkato fuskata wajen kasko. Kun san abin da zai biyo baya. Duniya ta kife. Yaya ta sa baki a kunnena tana kuka tana tambaya, wa kika gani, faɗi ki tsira, wa kika gani?

Na ce Gwaggo.

Ban yi ƙarya ba, kuma ban faɗi gaskiya ba. Tun ranar Alhamis, duk lokacin da jirin ya taso, fuskarta nake tunawa tana kewayawa a samana, don ita ce ke saman kaina a ranar. Amma na san Talata, na san Laraba. Suna nan a bakina. Na ga yadda ɗaki ya yi tsit, na ga yadda yaya ta sauke ajiyar zuciya ta samu abin kamawa, sai na haɗiye su. Ni ma a lokacin so nake ciwon ya zama yana da mai shi, wanda za a je a kamo.

Aka je aka kamo ta. Mata sun fi ashirin a tsakar gidanmu, wasu har kan katanga. Aka shimfiɗe ni a tabarma, an tokare mini kai da matasai. Aka ce ta cire mayafi da ɗankwali ta tsallake ni sau uku, ta kuskure baki a ƙoƙo in sha. Ba ta yi musu da kowa ba. Ta dai tsuguna dab da ni, ta ce a hankali:

"Uwar ɗakina, ke kika ce ni ce?"

Na rufe ido. Ina jin ƙarar awarwaronta guda biyu da ta ɗaga ƙafa, sau uku. Furfurarta a waje, gaban yaran da ta yi wa kitson yaye.

Bayan nan na zama kamar gunki. Matasai uku nake jerawa, ba na juyawa dama, ba na ɗaga kai, ba na sunkuyawa. Da mako uku ya zagayo jirin ya ɗauke ɗif. Unguwa ta ce to, kun gani, ta saki. Ni ma na ce na gani.

Sauran duk ta kan katanga na ji shi. Na ji ranar Alhamis ta zo ta wuce ba sallamar mata a ɗakinta. Na ji yara na bin ta zuwa famfo suna kurwata kur, ki ci kanki ki sha baƙin ruwa. Wata maƙwabciyarmu da Gwaggo ta yi wa kitson amarci kyauta, ita ce ta fara janye ɗanta in ta hango ta. 'Yarta kuwa an riga an sa mata rana da wani yaro mai gyaran babur a Ƙofar Gayan. Ran nan na ji muryar mata baƙi, na ji ana jan akwatin lefe a siminti, na ji wata na cewa ba su da ƙiyayya da kowa, amma abin nan a nono ake shansa. Yarinyar ba ta yi kuka da ƙarfi ba, irin kukan nan ne da ake danne shi da matashi, amma na ji. Kafin damina mai gidan haya ya ce yana son ɗakinsa. Na ji akori-kura ta tsaya, na ji an loda gado da turmi, na ji ta tashi. Ina zaune ina yankan kuɓewa, ban fita ba.

Shekara bakwai ina lafiya lau. Sai wata safiya, na sunkuya zan ɗauki buta, ga shi nan ya dawo, shi ɗin dai, ba abin da ya canza. Yaya, da ta tsufa amma bakinta bai tsufa ba, ta ce irinsu ko daga bangon duniya suna miƙo hannu. Sai dai a wannan karon babbar 'yata ta girma, tana aure a Gyallesu, ta yi karatunta. Ba ta yi gardama da kowa ba, ta tsayar da Keke Napep a ƙofar gida ta ce Umma sa hijabi.

Likitar da muka samu a asibiti yarinya ce, ba ta fi 'yata ba. Ta yi mini tambayoyi kamar mai neman aure. In ya zo, minti nawa yake yi? Na ce bai kai minti ba. Ina zaune shiru yana zuwa? Na ce a'a, sai na motsa kai. Jina ya ragu, ko kunne na ƙara? Na ce ko kusa. Harshe na karyewa, hannu ko ƙafa na nauyi, ina ganin abu biyu-biyu, kai na sarawa da ƙarfi? Duk na ce babu. Ta ce da akwai ɗaya daga cikin waɗannan da maganar ta zama wata, ba a kwana da irinsa a gida.

Sai ta sa na hau gado na miƙe ƙafa, ta ce wa 'yata ta kunna waya ta ɗauki idona. Ta ce za ta tayar da jirin da gangan, in yi haƙuri, kuma duk wuya kar in rufe ido. Ta juya kaina rabi wajen hagu, ta kwantar da ni baya da sauri har kan ya ɗan zarce bakin gado yana hannunta. Muka jira. Shiru. Ta tashe ni, ta juya shi wajen dama, ta sake kwantar da ni. Na ɗan yi shiru kamar ba komai, sai rufin asibiti ya kama gudu. Ina salati, ita kuwa tana tallabe da kaina da hannu biyu, tana cewa Mama kar ki motsa, yanzu zai wuce.

Jikina ya yi sanyi, ba don jirin ba.

Da ya lafa ba ta tashe ni ba. Ta mirgina kan a hankali zuwa hagu, muka jira. Ta sa na juya gaba ɗaya a kan kafaɗar hagu, hancina na kallon ƙasa, muka jira. Sannan ta zaunar da ni, haɓa a ƙasa. Ta maimaita duka sau ɗaya. Da ta sake gwada ni ta dama, sai ga rufi a tsaye, fanka kaɗai ke juyawa. Ba allura, ba ƙwaya. Duka-duka bai kai lokacin da ake dafa shayi a sha ba.

Ta nuna mini idona a waya. Ga ni kwance, ido tsaye, sai can ya fara fizga sama yana murɗawa wajen kunnen dama, ya yi ta yi, ya rage, ya tsaya. Ta ce wannan rawar ita ce ke gaya musu ciwon, har da kunnen da yake ciki. Wai can cikin kunne, inda ko tsinke ba ya kaiwa, akwai 'yan bututu masu ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa yadda kai yake, a tsaye ko a karkace. Kusa da su akwai 'yan tsakuwoyi da suka fi yashi ƙanƙanta, kowa da su aka halicce shi. Wani lokaci, saboda shekaru, ko buguwa, ko haka kawai, sai su ɓalle su faɗa cikin bututun. In an karkata kai sai su gangara su kaɗa ruwan, kunne ya ce ana juyawa, ido ya bi shi da gudu. Juye-juyen da ta yi mini, gangaro da su ta yi suka koma mazauninsu. Ta ce yakan tafi da kansa cikin makonni, yakan kuma dawo, in ya dawo in zo a sake.

Na tambaye ta ko kitso na kawo shi. Ta ce kwantar da kai baya tona shi yake yi, kamar yadda ita ta tona shi yanzu, amma dama yana nan. Na ce, mutum fa, zai iya sa wa mutum? Ta fara dariya, ta dubi fuskata, ta daina.

Da muka koma gida na tara su, yaya da waɗanda suka rage cikin matan nan, na ba su waya hannu-hannu. Na faɗi Talata, na faɗi Laraba, abin da na haɗiye shekara bakwai. Na ce ga shi likita ta kwantar da kaina yadda Gwaggo ta kwantar, ido ya yi abin da ya yi, ko ita ma likitar mayya ce? Wata ta ce ikon Allah, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Wata ta ce ai an daɗe, tone-tone ba shi da amfani. Yaya ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta miƙo mini ta ce:

"To na ji tsakuwa ce. Wa ya motsa tsakuwar?"

Ni da ba na fita, sai da na yi wata biyu ina cigiyar ƙauyen su Gwaggo, na samu a bakin wata mai kawo mana daddawa. Muka tafi da 'yata, mota ta sauke mu a bakin titi, babur ya ƙarasa da mu. Sunan maita ya riga ta isa can, wata 'yar garinsu da ke aure a cikin birni ta kai shi. Ɗakinta a ƙarshen gari yake, ita kaɗai sai awaki biyu. Ba mai kawo mata kai, ba mai sayen abin da ta dafa. Sussukar masarar mutane take yi a biya ta da hatsi. 'Yar an aurar da ita can wata ƙasa mai nisa inda ba a san su ba, shekara uku ba ta zo ba.

Ta gane ni tun daga nesa. Ta shimfiɗa mana buhu, ta kawo ruwa a kwano. Na sha, ina sane da tana kallon ko zan sha. Sannan na buɗe baki, ni mai baki, na yi ta zuba, tsakuwa, bututu, likita, Talata, Laraba. Na nuna mata wayar. Ta kalla sau ɗaya ta ce ta san idon nan, kafin ni ta gan shi a cinyarta wajen tsofaffi biyu, in aka riƙe kan shiru wucewa yake yi. Na ce don me ba ta faɗa ba a ranar? Ta ce ta faɗa, faɗin ne ya kashe ta.

Na durƙusa na ce ta yafe mini don Allah. Ta ce ta daɗe da barin mu da Allah, ba ta riƙe kowa ba, riƙo nauyi ne kuma ita ta tsufa. Sai ta ƙara da cewa:

"Amma a gaban mata ashirin kika ba da sunana, Hajiya. Yanzu kin kawo mini shi a gaban awaki biyu."

Hajiya ta ce mini. Ban san kalma na da sanyi haka ba.

Can ta dubi gefen kaina inda ɗankwali ya zame, ta ce wace ce ke yi mini wannan aika-aikar, tsaga kamar hanyar shanu. Har ta ɗan yi murmushi. Ta ce in matso ta gyara mini ko layi biyu ne na gaba, kibiyarta na nan ba ta yar ba. Na ji daɗi har cikin raina, na ce wannan ita ce yafiyar. Na zame ɗankwali, na juya na zauna tsakanin ƙafafunta.

Hannunta ya sauka a kaina, ya yi kaushi saboda masara. Ta fara karkato shi baya wajen cinyarta. Sai wuyana ya ƙi. Wallahi ban sa shi ba. Ya sandare kamar taɓarya, kafaɗuna suka ɗaga, tsigar jikina ta tashi, na ji bakina yana motsi da addu'ar tsari. Na so in ce tsoron jiri ne, wataƙila ma shi ne, har yau ban sani ba. Amma mace da ta shekara talatin tana riƙe kawunan mutane ba a yi mata ƙarya da wuya. Ta ɗauke hannunta a hankali, ta ɗauko ɗankwalin ta ɗora mini a cinya.

Ta ce in ɗaura, rana na yi, masu babur ba sa daɗewa a bakin hanya.

Na ɗaura, muka kama hanyar gida. Tun daga ranar jirin ya dawo sau ɗaya, na je aka juya ni ya tafi, abu mai sauƙi kamar cire ƙaya. Ina ta gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ni, in kun ga idon mutum na rawa don an karkata kansa, ku kai shi a duba kunnensa, kar ku tambaye shi wa ya gani. Suna gyaɗa kai, su tashi, in ji su a zaure suna cewa baiwar Allah, har yanzu matar nan ba ta sake ta ba.

Ina jin haushinsu, sai in tuna ni na ga idona a waya, ni aka warkar a gadon asibiti, ni na sha ruwan kwanonta, kuma duk da haka wuyana ya ƙi kwanciya a cinyarta. To ku da kuka saurare ni har nan, ku gaya mini: wanda bai iya shawo kan wuyansa ba, da wane baki zai shawo kan unguwa?